Katin da Baffanku Ya Kawo daga Legas

Tun ina amarya a Zawaciki, tun babu abin da ya faru, tsorona ɗaya ne: kada wata rana babanku ya shiga mota ya tafi neman abinci nesa. Ba wanda ya ce mini zai tafi. A lokacin yana da aikinsa a wani kamfanin roba a Sharada, inda ake zuba buta da bokiti da kujeru. Wani makon ya fita da safe, wani makon da yamma, ya dawo rigarsa tana warin narkakkiyar roba. Amma ni a ƙauyenmu na Jigawa na taso cikin gidajen da maza suka tafi cirani, namu ma yana ciki. Mahaifina ya tafi Kurmi, can kudu, ina goye. Da farko yana zuwa, daga baya sai saƙo, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Shi ya sa duk ranar da babanku ya ɗan makara, sai in kasa zama, in tsaya bayan ƙofa ina sauraron kowane keke napep da ya rage gudu a layinmu. Maman Rahila, maƙwabciyarmu a gidan haya, takan leƙo ta yi mini dariya.

"Maman Ummi, Sharada fa ba Makka ba ce. Ki zauna, zai dawo."

Ummi da Sadik, ku nake rubuta wa wannan, don ku karanta idan kun yi hankali. Shekarar da zan ba ku labari ita ce wadda na yaye Ummi, ina ɗauke da cikin Sadik. A shekarar ne kamfanin ya fara rage aiki. Da farko aka ce su riƙa zuwa sai an kira su. Babanku ya riƙa tafiya ko ba a kira ba, ya tsaya a bakin get tare da sauran, ko Allah zai sa a buƙaci hannu. Daga ƙarshe aka sallame su, aka ba kowa ɗan abin da aka ba shi. Ranar da ya shigo da rana tsaka ya rataye rigar aikin a ƙusa, na san abin da nake tsoro ya matso kusa.

Tsayuwar bakin get ɗin nan ita ta ba shi dabara. Ya lura samarin kamfani, masu jiran a kira su da waɗanda suka tashi aiki ba sa son komawa ɗaki, ba su da wurin zama sai gindin mai shayi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana wasa. Akwai shago a jikin gidanmu da tela ya tashi ya bari, ƙofa ɗaya waje, ɗaya cikin gida. Ya ce zai kama shi, ya sa benci da talabijin da kwamfuta, a riƙa buga wasan ƙwallo da na tseren mota ana biya. Ni ban san komai a kai ba. Abin da na sani kawai, shagon yana jikin bangon ɗakina, ko tari ya yi zan ji. Na ce masa Allah ya sa albarka tun bai gama bayani ba.

Mijin Maman Rahila, Oga Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne. Aikin wuta yake yi a wani kamfanin jima a Challawa, amma ranar Asabar gyaran kwamfuta yake a ƙofar ɗakinsa. Shi ya samo mana wata tsohuwar kwamfutar ofis a wani sito da ake kwashewa a Bompai, ya busa mata ƙura, ya haɗa ta da talabijin, da abin riƙewa guda biyu da suke kira hannu. Ta tashi, wasan ma ya buɗe, amma hoton ba kyau. 'Yan ƙwallon kamar an ɗebo su daga cikin kunu, ba ka gane fuska daga ƙeya. Ina kawo musu ruwa na ji Oga Bulus yana yi wa babanku bayani, kuma bayanin ya zauna mini har yau.

"Sabi'u, abu biyu ne ke aikin nan. Furosesa, ga shi nan a tsakiya ƙarƙashin 'yar fankar nan, shi ne mai tunani: ina ƙwallo za ta, wa zai ruga, wa zai faɗi. Katin girafik kuma shi ne mai zana abin da aka yi tunanin a talabijin. Wannan ta ofis ce, ba ta da mai zane na kirki. Ka nemo kati, amma matsakaici, daidai ita."

To, a nan ne Baffanku Nafi'u ya shigo labarin. Shi ne yayan babanku, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa makaranta, ya yi masa aure. Direban tirela ne, yana lodi a Bompai ya kai Legas ya dawo. Babanku ba ya zama a kujera in yana wurin, ni kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a durƙushe daga bakin ƙofa, kamar yadda aka koya mini a yi wa yayan miji. Da suka yi waya ya tambayi yadda shago ke tafiya, babanku ya ce saura kati. Kalmar matsakaici ba ta fito daga bakinsa ba, don kada ya zama kamar yana yi wa Yaya odar kaya. Bayan kwanaki sai ga Baffanku da abu naɗe cikin tawul, ya ajiye a kan benci kamar jariri.

"Na ce wa mai shagon ya fito da duk na hannun da yake da su. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko wanda ya fi nauyi. Ƙanina ba zai fara sana'a da tarkace ba."

Abu ne dogo baƙi, mai fanka uku a jere, ga wata fitila a gefensa. Mutanen layi suka shigo kallo, har mai shayi ya bar tukunyarsa. Kowa ya ɗaga ya jinjina ya ce masha Allah, wannan ko a cikin gari sai an tona. Baffanku yana tsaye yana murmushi, hannu a baya. Oga Bulus kaɗai na ga ya sosa ƙeya. Ya ce kaya ya yi kyau, sai dai a canza abin da ke ba kwamfutar wuta don tsohon ba zai ɗauka ba, kuma murfin gefe ba zai rufu ba saboda tsawon katin. Bayan Baffanku ya tafi Oga Bulus ya so ya ƙara magana, babanku ya tare shi.

"Oga Bulus, kyautar Yaya ce. Ka ɗaura kawai."

Aka ɗaura, aka jingine murfin a bango. Wallahi hoton ya yi kyau. Ciyawar filin ɗaya-ɗaya kake ganinta, har gumin goshin ɗan wasa. Makon farko benci bai ishi mutane ba, ni ma na fara ƙulla zoɓo da kunun aya ina miƙawa ta ƙofar ciki. Amma akwai matsala. In mutum ɗaya ne ke tafiya da ƙwallo a tsakiyar fili, lafiya lau. Da an zo bugun kwana, 'yan wasa sun taru a gaban raga, sai komai ya tsaya cak kamar an riƙe numfashi, sannan ya zabura, ka ga ƙwallo a cikin raga ba wanda ya ga shigarta. Na tseren mota ma haka, a daji sumul, da an shigo gari sai maƙalewa. Samarin nan kuwa bakinsu ba linzami.

"Oga Sabi'u, 'yan wasanka alwala suke tsayawa yi ne?"

"A'a, albashi ba a biya su ba, yajin aiki suke."

"Ni dai ba zan biya wannan cin ba. Na danna, ta ƙi. Kowa ya gani."

Tun ana dariya har aka fara rigima, wanda aka ci ya ce injin ne, wanda ya ci ya ce ƙarya ne. Ga ɗan janaretanmu, in wuta ta ɗauke aka tayar da shi, duk lokacin da katin ya ɗan motsa sai ka ji yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodi. Babanku ya goge wasan ya sake sawa, ya canza waya, ya sayo sabon hannu, ya sa tsumma ya goge ko'ina. A ransa ba zai taɓa yiwuwa laifin ya shafi kayan Yaya ba, kuma gaskiyarsa, kayan ba su lalace ba. Sannu a hankali benci ya fara yin fili. Masu zuwa suka koma gindin mai shayi da wayoyinsu.

Ni kuma ciki ya tsufa, tsayuwa tana ba ni wuya, sai na riƙa zama a 'yar kujerar tsugunne a bakin ƙofar ciki, bayan labule, kular zoɓo a gabana. Daga nan ba na ganin talabijin sosai. Abin da ke daidai idona shi ne cikin kwamfutar, tun da gefenta a buɗe yake. Mai damuwa ba ta rasa abin kallo. Da yau da gobe na lura da wani abu. Duk lokacin da samarin suka yi ihun ta maƙale, 'yar fankar tsakiya, ta kan furosesa, kuka take kamar za ta ɓalle ta fito. Manyan fankoki ukun nan kuwa suna juyawa a kasalance, wani lokaci ma su tsaya gaba ɗaya, fitilarsu tana ta ado. Na tuna gidan biki, inda za ka ga mace ɗaya tana tuƙin tuwo tana haɗa gumi, manyan mata uku sun zauna da kwanuka suna jiran a kwashe. Na faɗa wa babanku da ya shigo cin abinci.

"Ke dai Zuwaira da sa ido. Fanka ma ba ki bari ba?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa, Abban Ummi. Ƙaramar ce ke wahala. Manyan hutawa suke."

Ya yi dariya ya wanke hannu, amma na ga ya tsaya a gaban kwamfutar ya daɗe. Na ba Maman Rahila labari muna wanki, ita kuma ta kai wa mijinta. Ranar Lahadi da suka dawo daga coci ya shigo shagon ko takalmi bai canza ba. Ya shiga wani wuri a wasan ya rage kyan hoton har ciyawa ta koma kamar tabarma, aka buga kwana, ta maƙale. Ya mayar da kyan har ƙarshe, aka buga, ta maƙale daidai yadda ta yi ɗazu, ba ƙari ba ragi. Ya fito da wasu layuka biyu a gefen talabijin, na furosesa ya cika maƙil, na kati ko rabi bai kai ba.

"Ka gani? Da mai zane ne ya gaza, da na rage masa aiki sai ta saki. Mai tunanin ne ya tsufa. Kati yana gama nasa ya zauna jira. Abin da na so in faɗa maka ke nan ran nan."

"To a canza furosesan."

"Sabo ba zai hau wannan tsohon bod ɗin ba, sai an canza bod, wato allon da komai ke zaune a kai, an canza memori, ma'ajiyar aikinsa. Kana da kuɗin?"

Babanku ba shi da su, don abin sallamar ya riga ya tafi a haya da benci da janareta. Na ce daga bayan labule a sayar da kwanukan jerena. Ya ce in ya taɓa kayan ɗakina Allah ya tsine wa shagon. Oga Bulus ma ya ce ko an sayar ba za su kawo furosesan da zai yi kafaɗa da wannan katin ba. Hanya ɗaya ce ya gani. Katin yana da daraja a kasuwa. A kai shi a musanya, a karɓo matsakaici, cikon kuma a karɓo furosesa mai ɗan ƙarfi da bod da memori, duk na hannu. Hoton zai ɗan ragu, amma ba zai ƙara tsayawa ba, janareta ma zai huta.

"A sayar da kyautar Yaya?" in ji babanku. "Abin da ya ɗauko tun daga Legas a kan cinyarsa, duk layi suka gani? Oga Bulus, ku a wajenku ana haka?"

"Ko a wajenmu sai an nemi izini."

"To ni da wane baki?"

Ku fahimci babanku, kada ku ce tsoro ne. A gidansu abin da babba ya ba ka ba ka sayarwa, ba ka musanyawa, ba ka ma cewa ya yi maka yawa. Hular da Baffanku ya ba shi ranar aurenmu ta yi masa girma, har yau yana sa ta ranar idi, tana sauko masa kan kunne. Ya yi mini alkawari zai yi maganar, ba sau ɗaya ba. Sai ya kira waya, su gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya ce a sauka lafiya, ya kashe. Ana cikin haka labari ya zo cewa yaron motar Baffanku ya samu tasa motar, zai bar shi bayan Babbar Sallah. Ba wanda ya ce mini komai, amma na ga babanku ya ɗauko tsohon takalminsa mai kauri ya kai wa mai gyara.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffanku ya biyo. Suka zauna a shago, shi a kan benci, babanku a ƙasa kan tabarma. Na kai dambu, na gaishe shi, na koma bayan labule, amma ban tafi ba.

"Sabi'u, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Yaya."

"Na ga benci wayam."

"Juma'a ce, Yaya."

"Jiya ma na wuce ta bakin layi. Alhamis ce."

Babanku ya sunkuyar da kai. Baffanku ya ci loma biyu, ya sha ruwa, ya yi magana a hankali, ba faɗa a ciki.

"Ka gwada, ba ka yi ƙasa a gwiwa ba, Allah ne bai yi ba. Ga iyali, ga wani yana tafe. Bayan Sallah ka shirya mu riƙa tafiya tare. In ka iya hannu, wata rana ka samu taka."

"To, Yaya."

Wannan "to" ɗin har cikin bayana na ji ta. Sadik ya motsa a cikina. Na san in na bari aka tashi daga zaman nan, magana ta ƙare, don babanku bai taɓa ce wa yayansa to ya dawo ya ce a'a ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa jimla biyu da Baffanku ba bayan ina wuni da an zo lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗan ɗaga labulen, ina durƙushe.

"Yaya, ku gafarce ni. Ina da magana."

"Zuwaira, shiga ciki," in ji babanku, ko kallona bai yi ba.

"Ƙyale ta. Amarya, ina jin ki."

"Yaya, katin da kuka kawo ba shi da laifi ko kaɗan. Ya fi ƙarfin gidan da ya shigo ne. Shi yana zaune yana jira, ƙaramin ciki yana ta wahala, shi ya sa wasan ke tsayawa, shi ya sa mutane suka gudu. An ce in an musanya shi da matsakaici, cikon zai gyara sauran. Shi ba zai iya faɗa muku ba. Kada ku ɗauki maganata, ku duba da idonku."

Baffanku ya rufe kwanon dambun. Ya ce wa babanku ya kunna. Babu wuta, sai da aka tayar da janareta. Babanku ya ɗauki hannu ya fara wasan shi kaɗai, yatsunsa suna kuskure. Baffanku bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya. Ya tattare babbar rigarsa ya tsugunna a gaban buɗaɗɗen gefen, ya karkata kunne kamar yadda na taɓa ganin direbobi suna sauraron inji. Aka zo kwana, ƙaramar ta fasa kuka. Ya kai bayan hannunsa kusa da ita ya ji zafi, ya kai kusa da nasa katin ya ji.

"Wannan na tsakiyar shi ne injin?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"Ashe bodin tirela na ɗauko na ɗaura wa kan a-kori-kura." Ya yi 'yar dariya gajeriya. "Mu a hanya in ka yi haka, a hawan farko za ka gane kurenka. Tun yaushe ka sani?"

"An ɗan kwana biyu."

"Ka yi shiru kana kallon sana'arka tana mutuwa."

"Kyautarku ce, Yaya."

Baffanku ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. A ranar na fara lura gemunsa ya yi fari sosai ta gefe. Ya daɗe yana kallon katin nan da fitilarsa, sannan ya ce a je a musanya, amma a bari sai ya ɗauki hanya, ba ya son ya ga ana cire shi. Ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya yi magana da ni.

"Amarya, kin riƙe mijinki, kuma ban ga laifinki ba. Ni dai da na so in waiga gefena a hanya in ga jinina. Idona ya fara gajiya. Ɗan wani, in gyangyaɗi ya ɗauke ka, wayarsa yake dannawa."

Ya tafi bai ƙarasa dambun ba. Ni duk tsawon lokacin nan a zatona taimakon ƙaninsa kawai yake so ya yi da maganar motar. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi ma yana da tasa buƙatar ba, don manya irinsa ba sa faɗa.

Bayan ya yi lodi ya tafi, babanku da Oga Bulus suka naɗe katin cikin tawul ɗin da ya zo a ciki suka shiga kasuwa. Suka dawo da wani gajere mai fanka biyu, ba fitila, da furosesa da bod da memori. Oga Bulus ya haɗa, murfin gefe ya rufu ruf. 'Yan layi suka yi ta tsiya, wai an sayar da doki an sayi jaki, mai shayi ya ce Oga Sabi'u ya koma aji ɗaya. Ciyawar filin ba ta kai ta da kyau ba, gumin goshi ma ya ɓace. Amma aka buga kwana, mutum ya tashi ya sa kai, kowa ya ga shigar ƙwallon tun daga ƙafa har raga. Wanda aka ci ya buɗe baki zai ce injin ne, ya rasa abin faɗa, aka bushe da dariya. Kafin Sallah benci ya koma cika. Ba arziki muka yi ba, kada wani ya ruɗe ku. Abinci ne da haya da sabulu, sai kuɗin makarantar Ummi daga baya. Amma Sallah ta zo ta wuce babanku yana gida.

Shi kansa ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Ba ya faɗa, ba ya ƙin abinci, amma in ya shigo sai ya kalli bango. Ban ba shi haƙuri a kan maganar da na yi ba, na ba shi haƙuri a kan kunyar da ya ji, ya kuma gane bambancin. Wata rana da la'asar ya ɗaga labule ya ce in zo. Ya kwance murfin gefen da kansa, ana cikin wasa, ya nuna mini.

"Ga 'yan gidanki nan, sarkin sa ido. Kowa yana aikinsa, ba mai kuka."

A dangi kuwa maganar ba ta mutu da wuri ba. Ta isa wurin kakarku Hajiya cewa matar Sabi'u ta ɗaga labule ta yi wa yayan mijinta magana, ta sa an kai kyautarsa kasuwa. Ranar sunan Sadik wata gwaggon babanku ta karɓi jaririn ta ce Allah ya raya, Allah ya sa kada ya ɗauko bakin uwarsa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Har yau akwai gidajen da in na shiga ake sauya hira. Za ku ji wannan labarin a bakin wasu, wataƙila da ƙari. Abin da na faɗa a ranar shi ne na rubuta muku a sama, ban rage ba, kuma da za a mayar da ni bayan labulen nan, zan sake ɗaga shi.

Wanda bai taɓa faɗin kalma ɗaya a kaina ba shi ne Baffanku. Daga baya na ji shi ne ma ya ce wa Hajiya a bar maganar. Ya ɗauki wani yaro da bai sani ba, ya ci gaba da hanyarsa. Yana zuwa gidanmu kamar da, da burodi da ayaba a leda saboda ku, ya ɗora Ummi a cinya, ya bar Sadik ya ja masa gemu. Sai dai tun ranar bai ƙara shiga shagon ba. A waje yake sa a shimfiɗa masa tabarma, ya ba ƙofar baya, ana ihun an ci a ciki shi yana kallon titi. Ku kun samu uba a gida kullum, kuna ganinsa da safe kuna ganinsa da yamma. Wanda ya biya wannan ba ni ba ce, ba kuma babanku ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Duk ranar da kuka ji motar Baffanku ta shigo Bompai, kada ku jira ya zo. Ku je ku same shi, ku karɓi kayan hannunsa, ku tambaye shi hanya, ku zauna a gefensa har sai shi ya ce ku tashi.